Yadda Lasisin Haƙar Kuzar Babana Ya Mutu A Hannuna

A shekarun da zan ba da labarinsu ni malama ce a wata makarantar firamare a Kafanchan, ina da aure da 'ya'ya uku, kuma ina cikin masu jan waƙa a zumuntar mata ta majami'armu. Rayuwata ba ta wuce daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa kasuwa, ran Lahadi a tafi sujada. Ban taɓa taka ƙofar kotu ba, ban san yadda ake magana da lauya ba, amma ina ganin kaina mace mai ilimi wadda takarda ba za ta ruɗa ba. Edita, na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko muku, ina cewa nawa ba irin wanda ake bugawa ba ne. Sai kwanan baya na ji wata 'yar'uwa a majami'a tana cewa mijinta ya rasu ya bar musu wurin haƙar dutse, wai sai an yi addu'ar cika shekara za su taɓa maganar. Abin da ya sa na zauna na rubuto ke nan. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasu ma jinina ne.

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Gwantu. Tun yana saurayi ya tafi Filato aikin kuza, ya yi shekaru yana shiga rami yana wanke ƙasa, har idonsa ya san kuza ko da a cikin laka take. Da ya dawo gida ya yi aure ya kama noman doya da citta, sai ya lura da wani baƙin yashi a bakin rafin da ya ratsa ƙasan gonarmu. Haka ya fara, shi da Mama da daro ɗaya. Daga baya ya haƙa rami, mutanen ƙauye suka fara zuwa aiki, maza suna haƙa, mata suna wankewa, da yawansu matan da mazansu suka rasu ne. Da jami'ai suka dame shi da cewa haƙarsa ba ta kan doka, ya ɗaure ya yi ta zirga-zirgar Abuja har ya samo lasisin ƙaramin mai haƙar ma'adinai da sunansa. Ya sa takardar a gilashi ya rataye a falo kusa da hoton aurensu. Da kuzar nan na yi karatu har na zama malama, da ita aka yi wa gidanmu rufin kwano, da ita ƙanena ya koyi kanikanci ya buɗe gareji a Sabon Tasha, can Kaduna. Mu biyu kaɗai Allah ya bar wa iyayenmu, ni ce babba.

Baba ya rasu a gida, bayan gajeriyar jinya, a tsakiyar damina. Cikin waɗanda suka zo ta'aziyya akwai wani Alhaji, ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa a Kafanchan, wanda shi ke sayen kuzar Baba tun ina yarinya. Abota ce ta gaske a tsakaninsu. Idan Kirsimeti ta zo Baba na aika masa da doya, idan Sallah ta zo nama na zuwa gidanmu. Bayan an binne Baba da 'yan kwanaki, Alhaji ya kira ni gefe ƙarƙashin mangwaro. Ya ce mini, 'yata, ya san lokacin bai dace ba, amma takardar nan ta falo ba kamar gona ba ce, tana da wa'adi, kuma ba ta bin jini da kanta, sai an je an mayar da ita sunan magaji. Ya ce in tashi tsaye tun yanzu. Na amsa masa da ladabi, amma a raina haushi na ji. Na ce ƙasar kabarin Baba ba ta ko bushe ba, ɗan kasuwa har ya fara tunanin hajarsa. Ga shi kuma a danginmu ba a taɓa kayan mamaci sai an yi addu'ar cika shekara, an tara dangi, an buɗe ɗakinsa. Wanda ya yi gaggawa sai a ce dama jira yake yi. Na yi shiru da maganar. Aiki ya ci gaba a rami, Mama na lura da ma'aikata, Alhaji na zuwa yana saye, komai kamar Baba yana nan.

Bayan addu'ar shekara ne na sauko da takardar na karanta ta a tsanake, na ga abin da ya rage na wa'adinta bai kai shekara biyu ba. A lokacin na ga kamar lokaci ne mai yawa. Na ɗauki hutu na tafi Abuja, ofishin da ke kula da irin waɗannan lasisi, da takardar a jakata, ina zaton zan ce ga ni, ni ce 'yarsa, su goge sunansa su sa nawa. Jami'in da na samu ya saurare ni da haƙuri, sa'an nan ya faɗa mini abin da ban taɓa sani ba. Ya ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da gonar tun ta kakan kakana ce. Abin da Baba ya mallaka izini ne kawai na haƙa zuwa wani lokaci. Kuma su ba za su iya magana da ni a kan izinin ba, ko sabuntawa ko canja suna, sai na kawo takardar kotu da ke nuna ni ce aka ba ikon kula da dukiyar mamacin. Na tambaye shi ko zan iya sabunta lasisin da sunan Baba kafin in samo takardar. Ya ce mamaci ba ya sa hannu.

Daga nan wahala ta fara. Na samu wani lauya, ya ce abu na farko shi ne takardar shaidar mutuwa. Baba a gida ya rasu, babu likitan da ya gan shi a ranar, mu kuwa ba mu taɓa tunanin akwai wanda zai nemi hujjar mutuwar mutumin da ƙauye guda ya binne ba. Sai da na nemo wasiƙa daga fasto, na nemo ta mai unguwa, na je na yi rantsuwa, kafin aka ba ni. Ina murna na kai wa lauya, ya ajiye ta kusa da lasisin, ya duba wannan ya duba wancan, ya ce akwai matsala. Sunan da ke kan lasisin sunan Hausa ne da aka laƙaba wa Baba a filin kuza a Filato, wanda da shi kowa ya san shi a harkar. Sunan da ke kan shaidar mutuwa kuwa sunansa na baftisma ne. A katin shaidarsa na ɗan ƙasa kuma sunan yarenmu ne a gaba, an ma rubuta shi ba daidai ba. Mutum ɗaya, suna uku. Wata da watanni na yi ina neman tabbatar wa hukuma cewa ubana shi ne ubana. Na kwaso tsofaffi biyu daga ƙauye a kan babur zuwa Gwantu, daga nan mota zuwa Kafanchan don su yi shaida, muka tarar wanda zai karɓi rantsuwar ba ya nan. Muka koma, muka sake dawowa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya tambaye ni a hanya, wai shin gwamnati tana zaton akwai wani mutum dabam da muka binne ne.

Duk wannan ina yi ne ni kaɗai. Lauya ya ce kotu ta fi son mutum biyu su tsaya a matsayin masu kula da dukiyar, sai na sa sunana da na ƙanena. Shi kuwa kullum na kira shi sai ya ce Yaya, ki yi duk abin da kika ga ya dace, aiki ya yi masa yawa. Sa hannu ɗaya sai in bi shi har Sabon Tasha, in tsaya cikin baƙin mai ina jira ya fito daga ƙarƙashin mota. Shugabar makarantarmu ta fara yi mini magana a kan yawan neman izini. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma shi ma wata rana ya ce yaranmu sun fara mantawa da girkin uwarsu.

Ana cikin haka sai wasu baƙi suka fara yawo a yankinmu suna neman wani farin dutse da ake kira litiyam, wanda aka ce da shi ake yin batir. Dutsen da muke tuntuɓe da shi a kan tudun bayan ramin Baba, wanda ba mai kallonsa, ashe shi ne. Nan take ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baba ƙarami, ya tuna cewa yana da magana a kan wurin. Wannan mutum tsawon rayuwar Baba bai taɓa ɗaga shebur a ramin nan ba. Shi ne ma mai yi masa dariya a da, yana cewa yayansa ya bar noma yana wasa da laka kamar agwagwa. Ya tara dangi, ya ce ya ji ina yawo kotu-kotu zan mayar da ƙasar kakanni sunana, alhali ni mace ce da ta yi aure ta tafi wani gida. Na yi bayani har muryata ta dushe cewa ba gona nake nema ba, izinin haƙa ne, kuma idan ba a yi sauri ba dukanmu za mu rasa. Wasu suka gane, wasu suka ce turancin 'yan boko ne. A ƙarshe Baba ƙarami ya ce zai yarda da abu ɗaya: a cire sunan ƙanena a sa nasa, ni da shi mu tsaya tare.

Fasto ya ce in karɓa. Mama ta ce in karɓa a zauna lafiya. Alhaji ya zo har gidana a Kafanchan, ya ce mini da hanau gara mannau, rabin rami ya fi babu, kuma in an sabunta lasisin ana iya zama a daidaita sauran daga baya. Na ƙi. Ina tuna yadda ƙafafun Baba suka tsattsage saboda tsayuwa cikin ruwa, ina tuna tarin da ya kwashe shekaru yana yi, sai in ji ba zan iya haɗa sunana da na mutumin da ya yi masa dariya ba. Har yau ban ce Baba ƙarami yana da gaskiya ba. Amma ni ma ban yi lissafin cewa gaskiyata tana buƙatar lokaci ba, lokaci kuwa shi ne abin da ba ni da shi.

Ka'ida ce a buga sanarwa a jarida kafin kotu ta ba da takardar, don mai ƙorafi ya fito. Baba ƙarami ya fito. Ya shigar da ƙorafi cewa bai yarda ba, magana ta tashi daga cike takardu ta koma shari'a. Wanda bai taɓa zaman jiran shari'a ba ba zai gane irin wannan ɓacin rai ba. Ka yi sammako, ka zauna a benci tun safe har rana ta take, a kira ƙararku, lauyan wancan ɓangare ya miƙe ya ce wanda yake karewa ba shi da lafiya, a ɗaga zuwa wata biyu. Ranar ta zo, a ce alƙali ya tafi taro. Wata ranar a ce fayil bai iso ba. Ni kuwa ina kallon kalanda kamar mai kallon ruwa yana cin gonarsa. Lauyana ya rubuta wa ofishin Abuja yana roƙon a dakata mana tunda magana na gaban kotu. Na bi wasiƙar da ƙafata. Aka ce an gani, ana dubawa, amma dai doka ba ta san ni ba sai na kawo takardar nan. Na fito na zauna a bakin titi ina kallon motoci, na rasa wanda zan yi fushi da shi, domin kowa a cikinsu ya yi mini magana da ladabi, kuma kowa a kan ka'idarsa yake.

Wa'adin ya cika muna tsakiyar shari'a. Ranar ba abin da ya faru. Rana ta fito ta faɗi, mata suna wanke ƙasa a rafi, na ce wataƙila tsoron banza nake ji. Lauya ma ya ce in an gama za mu nemi sabon lasisi a kan wurin. Bai faɗa mini da ƙarfi ba, ko kuma ni ce ban ji da kyau ba, cewa da zarar lasisi ya mutu wurin ya zama na wanda ya riga nema.

Bayan wasu watanni, ina cikin aji, Mama ta kira ni. Ta ce wasu mutane sun zo da na'urar awo, suna kafa turaku masu jan fenti, ɗaya ma a tsakiyar cittarta. Na bar yara da wata malama na kama hanya. Da na isa na tarar da su a bakin rafi, na tambayi shugabansu da izinin wa suke wannan aiki. Bai yi mini gardama ba. Ya nuna mini takardar kamfaninsu, sabuwa, ta ƙunshi tudun da rafin da ramin Baba gaba ɗaya. Na ce ai doka ta ce sai da yardar mai ƙasa. Ya ce sun samu, ya buɗe wani shafi. Sa hannun Baba ƙarami ne, a matsayinsa na babban namiji a gidan. Ashe duk lokacin da ake cewa ba shi da lafiya a kotu, lafiyarsa ƙalau, jira yake wa'adi ya cika.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba kamfanin ba ne. Bayan mako kaɗan aka zo da jami'an tsaro aka kori ma'aikatanmu, aka ce masu haƙar sata ne. Matan da suka tsufa a bakin rafin nan, waɗanda da ɗan abin da suke wankewa suke ciyar da marayu, aka watsar musu da daro, aka ce in an sake ganinsu za a kama su. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta goya ni ina jaririya, ta riƙe hannuna ta ce, Malama, ke da kika yi karatu, yaya aka yi haka ta faru kina nan. Ba da faɗa ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Katafila ta shigo ta bi ta kan cittar Mama tun ba a haƙe ta ba. Diyyar amfanin gona da aka bayar hannun Baba ƙarami ta shiga, sai da fasto da dattawan majami'a suka sa baki kafin wani abu ya iso wurin Mama.

Na nemi lauya ya ƙalubalanci yardar da aka ba kamfanin. Ya ce ana iya yi, amma in shirya wa shari'ar shekaru da mutanen da suka fi ni ƙarfi, kuma ko na ci, lasisin Baba ba zai tashi daga matattu ba. Maigidana ya ce ya isa haka. Na kai wa Alhaji maganar, ina jin kunyar haɗa ido da shi. Bai ce ai na faɗa miki ba. Ya ce in yi haƙuri, in kula da Mama, shi ma ya rasa aboki ya kuma rasa wurin da ya fi amincewa da kayansa.

Ba da daɗewa ba Baba ƙarami ya janye ƙorafinsa daga kotu, tunda ba ya buƙatarsa kuma. Daga nan komai ya tafi sumul. Aka kira ni aka miƙa mini takardar da na kwashe kusan shekara uku ina nema, mai hatimi, mai kyau, da sunana da na ƙanena. Ta ba mu cikakken iko a kan dukiyar mahaifinmu: gida, tsohon babur, injin jan ruwa, da lasisin da ya riga ya mutu. Magatakardan da ya miƙo mini har da cewa yana taya ni murna.

Yanzu Mama tana wurina a Kafanchan. Ta ce ba za ta iya kwana tana jin ƙarar tipa a inda mijinta ya yi rayuwarsa ba. Rafin ya zama ja, ba a sha, ba a wanki. Baba ƙarami ya yi sabon rufi ya sayi babur, wasu daga cikin 'ya'yansa suna gadi a kamfanin. Idan muka haɗu a jana'iza ina gaishe shi, domin ƙanin ubana ne, yana amsawa yana kallon wani wuri. Ana ce mana mu gafarta, ina kuma ƙoƙari, amma ba zan yi ƙarya in ce na gama ba. Ni da ƙanena ma sai da muka yi kusan shekara ba ma doguwar magana, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa.

Abin da na koya, na koye shi da tsada. Na farko, gona daban, abin da ke ƙarƙashinta daban. Ana gadon gona ta hanyar jini da shaidar dattawa, amma izinin haƙa ba ya sanin ɗan wane ne kai sai ka je ka gabatar da kanka yadda doka ta ce, kuma kafin lokacinsa ya wuce. Ina roƙon iyayenmu da ke da irin wannan takarda, a yankinmu suna da yawa yanzu, kada ku rataye ta a bango kuna jin an gama. Ku zaunar da matanku da 'ya'yanku tun kuna da rai, ku nuna musu abin da ke ciki. Ku daidaita sunayenku ya zama ɗaya a ko'ina. Ku nemi shawarar lauya a kan yadda za a sa wani a ciki tare da ku, ku rubuta wasiyya, ku kira 'yan'uwanku ku faɗa a gabansu. Yin haka ba kiran mutuwa ba ne. Baba ya yi mana komai, wannan kaɗai ya bari, mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba don muna ganin rashin kunya ne.

Ku kuma da aka bari a baya, idan wanda ya san harkar ya ba ku shawara a ranar baƙin ciki, kada zafin rashi ya sa ku ɗauke shi maƙiyi. Idan rigima ta taso a dangi, ku fara ceton abin da ake rigimar a kansa, a yi rabon daga baya, ko da za ku zauna benci ɗaya da wanda ba ku so. Al'adarmu ta jiran shekara tana da kyau, girmama mamaci ce, ban ce a yar da ita ba. Amma takarda ba ta zaman makoki. Ku yi kukanku yadda ya kamata, sai dai a cikin masu kukan a samu mutum ɗaya ya share hawaye, ya tashi ya duba ranar da aka rubuta a jikinta.